Darasin lafiya: Lumfashi, ƙiba da ciwon sukari

Ciwon sukari ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Yana kama samari da ƴan mata, a birni da ƙauye. Ƙiba tana cikin abubuwan da ke jawo shi. Wasu suna cewa jan lumfashi sannu-sannu yana rage ƙiba, yana sauke sukarin jini. Ga abin da ke gaskiya a cikin maganar.

Yadda ake yi

Babban mutum, in yana hutawa, yana lumfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Mai wannan horo yana ragewa zuwa sau 6. Sai ya zauna bisa tabarma, inda babu ƙura ko hayaƙi. Ya ja iska ta hanci yana ƙirga 1 zuwa 5, har ciki ya taso. Ya sake ta sannu, yana ƙirga 1 zuwa 5. Ya yi haka minti 10, safe da marece. In ya ji juwa, ya tsaya.

Lumfashi da sukari

In mutum ya tsorata ko ransa ya ɓaci, hanta tana zuba sukari cikin jini don jiki ya samu ƙarfi. In damuwa ta daɗe, sukari yana iya daɗewa sama. Lumfashin sannu yana kwantar da hankali, bugun zuciya ya ragu. Ta nan yake taimako, amma taimakon kaɗan ne. Wanda lokotoro ya ba magani, kada ya bar shi.

Lumfashi da ƙiba

A shekarar 2014, masana biyu na ƙasar Ostareliya sun yi lissafi. In mutum ya rage kilo 10 na kitse, kilo 8 da giram 400 ta huhu suke fita, tare da iska. Sauran, kilo 1 da giram 600, ruwa yake zama, kamar fitsari da zufa.

Amma kitse kamar itace yake a murhu. Sai wuta ta ci shi hayaƙi ke fita. Wutar ita ce aikin jiki: noma, daka, jan ruwa, kokowa, tafiya ƙasa. Saurayin da ya wuni zaune yana shan shayi mai sukari, lumfashi kaɗai ba ya rage masa ƙiba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 cikin kwana 5. Ya kuma rage sukari cikin shayi da kunu, ya rage lemun kwalba.

Yaushe za a je likita?

Alamun ciwon sukari su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari, kasala, rama ba dalili, da miki mai wuyar warkewa. Mai waɗannan alamu ya je likita da safe, kafin ya karya kumallo, a auna jininsa. In awo biyu sun kai giram 1,26 a lita ko sun wuce, ciwon sukari ne. In an yi sakaci, yana lalata ido, ƙoda da ƙafa. In an gane shi da wuri, mutum yana ci gaba da aikinsa.

Tambayoyi

1. Ta ina kitse ke fita daga jiki?
2. Minti 30 sau 5, minti nawa ke nan?
3. A faɗi alamu 3 na ciwon sukari.