Darasin Wannan Wata: Taron Gari Lokacin Marka, Ba Sai da Kuɗi Ba

Ga shi Allah Ya kawo mu marka. An gama noman farko, an gama maimai, gero ya fara fitar da kai. Manomi ya ɗan sami sararin miƙe baya kafin girbi. 'Yan makarantar boko su ma suna gida, ana dogon hutu.

Amma kowa ya san halin watan Agusta da farkon Satumba. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Sauro ya yi yawa, zazzaɓi yana kwantar da yara. Hanyar gari ta zaizaye. Yaran da ba su da abin yi sukan tafi wanka kududdufi. Mu kuma masu koyon karatu, da yawa mun ajiye littafi tun ranar shuka, har wasu baƙaƙe sun fara ɓace mana.

Wannan darasi zai nuna mana abubuwa biyar da gari zai iya taruwa ya yi a waɗannan makonni. Babu wanda ake biyan kuɗin shiga a cikinsu. Idan a aji kuke, kowa ya karanta sashe ɗaya da ƙarfi, saura su saurara.

1. AIKIN GAYYA

Gayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wannan lokaci akwai aikin gayya iri uku da ba ya jira.

Na farko shi ne yashe magudanar ruwa. Idan kwata ta toshe, ruwa yakan kwanta a gindin katanga, ya jiƙa ta har ta faɗi. Ɗakin ƙasa yakan rufta da mutane a ciki da dare. A fito da fartanya da shebur da kwando, a buɗe wa ruwa hanya. A duba indararon kowane soro.

Na biyu shi ne cike ƙananan ramuka da ruwa ke kwanciya. Sauro a ruwan da ba ya gudu yake yin ƙwai. Cikin kwana bakwai zuwa goma ƙwan ya zama sauro mai cizo. Yara ma suna da aiki a nan: su tattara gwangwanaye, da fasassun tukwane, da tsofaffin tayoyi, a kife su ko a binne.

Na uku shi ne gonar wanda ba shi da ƙarfi. A kowane gari akwai tsoho, ko mara lafiya, ko matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Samari goma za su gama mata ciyawa kafin azahar. A wannan gayya kada a jira fura daga mai gona. Kowa ya zo da ruwan shansa.

2. RANAR DASHEN ITACE

Yanzu ƙasa tana da laima, don haka dashe yakan kama da wuri. Wanda ya bari sai ruwa ya kusa ɗaukewa, zai sha wahalar ban ruwa.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta, 1960. Tun daga shekarar 1975 suka mai da wannan rana ta zama ranar dashen itace a ƙasar baki ɗaya. Kowane gari zai iya tsai da tasa ranar.

Ga yadda ake dashe. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, faɗinsa ma haka. A gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. A yage ledar da ke jikin dashen a hankali, kada ƙasar saiwa ta warwatse. A sa shi tsakiyar rami, a mai da ƙasa, a danna da ƙafa. Daga nan sai babban aiki, wato kariya. A kewaye shi da ƙaya ko kara, don akuya ba ta san gayya ba.

A ina za a sami iri? A tambayi malamin gandun daji na ƙaramar hukuma. Ban da haka, 'ya'yan darbejiya sukan tsiro da kansu a ƙarƙashin uwarsu, ana iya cire su da ƙasarsu a dasa. Zogale yana tsira da iri, yana kuma kamawa da reshe. Akwai kuma dabarar da manoman jihar Maraɗi suka kama tun shekarun 1980. Idan kututturen itace ya yi toho a gona, ba a sare shi duka. Sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Da haka gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki masu yawa. Gawo kuwa abokin manomi ne, don da damina yake zubar da ganye, ba ya rufe shuka da inuwa.

A ba kowane yaro itace ɗaya, a ce nasa ne. Yaron da ya san itacensa ba zai bari ya bushe ba.

3. ZAMAN MATA A KAN LAFIYAR YARA

Mata su zaɓi gida mai faɗin tsakar gida, su taru bayan la'asar. A gayyato ungozoma da ma'aikaciyar asibitin da ke kusa. Ga abubuwan da ya kamata a tattauna.

Shayarwa: daga 1 zuwa 7 ga Agusta ake yin Makon Shayar da Nonon Uwa a duniya, an kuwa fara shi a 1992. Likitoci sun ce a ba jariri nono zalla har ya cika wata 6. Nonon yana ɗauke da ruwan da ya ishe shi.

Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro: a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara wannan magani da damina a ƙasashe irin namu. Ana ba 'yan wata 3 zuwa 'yan wata 59, wato waɗanda ba su cika shekara 5 ba. Ma'aikata ke bi gida gida sau ɗaya a wata, kyauta. Na ranar farko a gabansu ake sha. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa yake. Uwar da ta iya karatu ta taimaki maƙwabciyarta wajen duba katin yaro. Shan maganin kuma bai hana kwana cikin gidan sauro ba.

Gudawa: ruwan sama yakan kwaso ƙazanta ya zuba a rijiyar da ba ta da murfi. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu. Idan yaro ya kamu da gudawa, a jiƙa masa garin nan na ORS yadda aka rubuta a jikin ledar. In babu, a sami lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kuma kai shi asibiti.

Kududdufi: a ja wa yara kunne. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini yana da zurfin da ido ba ya gani. Tsargiya ma a irin wannan ruwa ake ɗaukarta. Kada mu ce ba za a iya ba. Kurkunu ya daɗe yana kwantar da manoma a tsakiyar damina. Da jama'a suka dage da tace ruwan sha, aka kuma sami rijiyoyi masu tsabta, sai ga shi a 2013 an tabbatar babu shi a Nijeriya da Nijar.

4. DANDALI DA HIRAR DARE

Yaro ba ya zama wuri ɗaya. In ba a ba shi wurin wasa ba, zai nemo da kansa. Saboda haka a share dandali, a cire ƙaya da kwalabe, a sare ciyawar gefe saboda maciji.

Samari su yi langa da tsere. 'Yan mata su yi gaɗa da carafke. Dattawa su koya wa matasa dara a gindin itace. Dara ba ta cin ko kwabo: gurbi 30 a ƙasa, wannan ya riƙe tsinke 12, wancan ya riƙe tsakuwa 12. Tana kuma koya wa yaro ƙirga da haƙuri.

Idan farin wata ya fito kuma ba hadari, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a roƙi kaka ta yi wa jikoki tatsuniya. A yi kacici-kacici da gasar karin magana. Ga inda mai koyon karatu zai shigo. Ya zauna kusa da fitila da littafinsa, ya rubuta karin magana biyar da ya ji daga bakin tsofaffi. Abin da aka rubuta ba ya bin tsoho kabari.

A sa babban mutum ɗaya ko biyu su zauna kusa da dandali. A tashi da wuri, kowane yaro ya koma gida tare da na gaba da shi.

5. RANAKUN KARATU GUDA BIYU

Ranar 26 ga Agusta ita ce Ranar Hausa ta Duniya. An fara ta a 2015. Ranar 8 ga Satumba kuma ita ce Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsai da ita a 1966, aka fara bikinta a 1967.

Ba sai an je birni za a yi waɗannan bukukuwa ba. A taru a ƙofar gidan mai unguwa ko filin makaranta. Ɗalibi ɗaya ya karanta wasiƙar da ya rubuta da hannunsa. Wani ya karanta rubutun da ke jikin buhun taki. Wani ya rubuta sunansa a allo a gaban 'ya'yansa. 'Yan aji su shirya gajeren wasan kwaikwayo, misali a kan mutumin da ya dangwala hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. A ƙarshe a buɗe rajista ga masu son shiga aji bayan kaka. Mata su yi nasu taron a cikin gida.

YADDA AKE SHIRYA TARO

Da farko a je wa mai unguwa ko dagaci da maganar, a kuma sanar da liman. Sa'an nan a zaɓi mutum biyar su riƙe aikin: dattijo, da sarkin samari, da mace ɗaya da mata ke jin maganarta, da malamin aji, da magatakarda. Magatakarda ya zama ɗaya daga cikin 'yan aji.

Kada a sa taro ranar kasuwa ko lokacin salla. A tsai da rana ta biyu tun da wuri, ko da ruwa zai hana ta farko. Kada a yanka wa kowa kuɗi. A wannan wata akwai gidan da sau ɗaya ake ɗora tukunya, in aka ce a kawo kuɗi, mai gidan zai ji kunya ya ƙi fitowa. Mai shela ya zagaya, a kuma manna sanarwa a rubuce.

MISALIN SANARWA

Ana sanar da jama'ar Unguwar ............ cewa za a yi gayyar yashe magudanar ruwa ranar ............ da ƙarfe 7 na safe. Za a taru a ƙofar gidan mai unguwa. Kowa ya zo da fartanya ko shebur. Idan an yi ruwa, sai ranar ............ Allah Ya ba da ikon zuwa.

TAMBAYOYI

1. Faɗi aikin gayya iri uku da aka ambata.
2. Me ya sa ake kewaye dashe da ƙaya?
3. Yara 'yan wata nawa ake ba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro?
4. Cokali nawa na sukari ake zubawa a lita 1 ta ruwa?
5. Me ya sa aka ce kada a yanka wa kowa kuɗi?

LISSAFI

1. Gida 40 ne a wata unguwa. Kowane gida ya dasa itace 3. Itace nawa ke nan?
2. Idan awaki suka cinye 30 daga ciki, saura nawa?
3. Dara tana da gurbi 30. An sa tsinke 12 da tsakuwa 12. Gurbi nawa ya rage?
4. Daga 26 ga Agusta zuwa 8 ga Satumba kwana nawa ne? Ka tuna Agusta kwana 31 ne.

AIKIN YI

Kwafi sanarwar da ke sama a littafinka, ka cike gurabun da sunan unguwarku da ranar da kuka tsayar. Ka nuna wa malamin aji ya duba. Bayan an yi taron, ku rubuto mana layi biyar a kan yadda ya kasance: mutum nawa suka fito, wane aiki aka yi, mene ne ya ba ku wahala.

Allah Ya sa mu ga kaka lafiya, Ya cika mana rumbuna. Sai wata mai zuwa.