Shuka a Ruwan Kifi: Amsar Wasiƙu Uku daga Tudun Wada

Wasiƙu uku muka ware yau, dukkansu daga Tudun Wadar Zariya, kuma magana ɗaya suke yi. Ta farko daga wata baiwar Allah ce mai akwatin gilashi na kifin ado a falonta. An ce mata in ta tsoma saiwar fulawar ɗaki a ruwan, ta huta da canjin ruwa. Ta biyu daga wani matashi ne mai tankin tarwaɗa a bayan gida, wanda kuɗin 'yan garuwa ya ishe shi, yana tambaya ko dabarar za ta yi masa. Na uku dattijo ne, ya ce shi bai yarda ba sam, wai ganye ba ya wanke ruwa.

Hajiya, bari mu fara da abin da ke ɓata ruwan, tunda ruwa ba ya tsami banza. Abincin kifi cike yake da furotin, furotin kuwa yana ɗauke da sinadarin naitirojin. Kaɗan daga ciki ne ke zama tsoka a jikin kifi. Mafi yawa yana komawa ruwa a matsayin amoniya, wadda guba ce gare shi. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune jikin tsakuwa da soson matatar ruwa, su ne ke juya amoniyar mataki biyu har ta zama naitiret. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fayyace aikin waɗannan ƙwayoyi wajen shekarar 1890. Naitiret ba shi da kaifin amoniya, amma ba ya tashi ya bi iska, taruwa yake yi mako bayan mako har kifi ya rage ci, gansakuka ta rufe gilashi. To wannan naitiret ɗin shi ne abin da masara ke sha a gona bayan an zuba mata yuriya ko kamfa. Saboda haka, Baba, da girmamawa nake cewa wannan karon ba ka yi daidai ba. Dubi kainuwa a kududdufi, wadda ake wa kirari da dashen Allah. Ba ta taɓa ƙasa, amma tana cika fuskar ruwa, domin takin da ke narke a ciki take ci.

Amsarki ke nan, Hajiya: dabarar gaskiya ce, kuma a ƙaramin akwati irin naki tana tasiri, don abin da kike barbaɗa wa kifayenki a rana bai wuce 'yan giram ba. Fulawar nan mai yaɗo, mai ganye kamar zuciya, wadda masu sayar da furanni ke kira moni filan, tana fitar da saiwa a ruwa cikin makonni kaɗan. Yaɗon dankalin Hausa ma haka, na'a-na'a ma haka. Ki wanke ƙasar jikinta tas, don ƙasar tukunya na iya ɗauke da taki ko maganin ƙwari. Saiwa kawai za ta shiga ruwa, ganye ya tsaya a waje inda yake samun iska da haske, abin da ya sa irin wannan shuka ta fi mai nutsewa saurin girma. Ki lura da yara: moni filan tana da wani sinadari mai ƙona baki da maƙogwaro in an tauna, kada ta sauko inda mai rarrafe ko kyanwa za su kai. Canjin ruwa kuwa ba za ki daina ba, sai dai ki rage yawansa. Shuka ba ta kwashe kashin da ya kwanta a ƙasan akwati, kuma naitiret bai bar gidanki ba sai ranar da kika datse ganyen kika fitar. Ganyen da ya ruɓe a ciki ya mayar da abin da ya ci.

Yanzu gare ka, ɗan'uwa mai tarwaɗa, kuma a nan nake son mu tsaya. Maganar duk ta lissafi ce tsakanin abincin da kake zubawa da ganyen da ke tsirowa. James Rakocy da abokan aikinsa a Jami'ar Tsibiran Virgin sun shafe shekaru suna kiwon karfasa haɗe da noman ganye a ruwa ɗaya, suka fitar da ma'auni: giram 60 zuwa 100 na abincin kifi a rana yana buƙatar murabba'in mita 1 na shuka. Mu ce kifinka ya girma har yana cin kilo 3 a rana. Kana buƙatar murabba'in mita 30 zuwa 50 na ganye, wato faɗin ɗaki biyu ko uku, ban da famfon da zai riƙa juya ruwa dare da rana, a garin da kowa ya san halin wutarsa. Reshe biyar a bakin tanki ba za su taɓuka komai ba. Za ka ce ai tarwaɗa na da juriya. Haka ne, tana da gaɓar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa za ta mutu. Amma wannan juriyar ce ke yaudarar masu kiwo: kifi na raye, yana cin buhun abinci mai tsada, nauyi kuwa ya tsaya. Ka ƙara da hunturun Zariya, Disamba da Janairu, lokacin da sanyi ke rage wa shuka da bakteriya kuzari tare.

Wani zai ce to a cika tankin da kainuwa, tunda kyauta ce a bakin kogin Kubanni. Ban ba da wannan shawara ba. In ta rufe fuskar ruwa tana hana iska shiga, da dare kuma saiwarta na rabon iskar da kifi. Wadda aka ɗebo daga kududdufi tana iya zuwa da matsattsaku da katantanwa da cuta. Mai son amfani da ita ya ware mata nata bahon, ruwan tanki ya bi ta ciki, yana kwashe rabin kainuwar duk mako.

Abin da na fi ganin ya dace da kai shi ne ka bar ruwan ya je wa shukar. Ruwan da kake sakewa a kwata taki ne da ka riga ka biya kuɗinsa. Yi kunyoyin alayyahu da rama da lalo da yakuwa kusa da tanki, ko ka jera buhuna cike da ƙasa in fili ya yi kaɗan, ka riƙa zuba musu a gindi, a wanke ganyen a dafa shi sosai. Ranar da ka sa wa kifi gishiri ko magani, kada ruwan ranar ya je kan ganyen miya. Kuma ka nisanta ruwan tankin da rijiya. A unguwa mai cunkoso kamar Tudun Wada, rijiyar maƙwabci na iya kasancewa bayan katangarka, naitiret kuwa yana bin ƙasa cikin sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha miligiram 50 a lita, saboda haɗarinsa ga jinin jarirai. Don tsarin kunya da awon ruwa, malaman gona na NAERLS a Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, aikinsu ke nan, kuma daga unguwar Kongo mota ɗaya ce.