Darasi: Yadda Lagireto Yake Sanyaya Injin Mota

Kowace rana manyan motoci suna bin babbar hanya mai lamba 1, suna ratsa Birnin Ƙonni. Wasu sun ɗauko albasar Galmi, wasu simintin Malbaza. A watan Afrilu da na Mayu zafi yana wuce digiri 40. Lokacin nan ne ake yawan ganin mota tsaye bakin hanya, ruwan lagireto yana tafasa. Me ke kawo haka?

Inji yana ƙona mai, sai ya yi zafi. Ruwa yana zagaya injin, ya kwashi zafin, ya kai shi lagireto. A can ruwan yana bin ƙananan bututu. Tsakanin bututun akwai ganyayen ƙarfe marasa kauri. Fanka tana jawo iska ta ratsa tsakaninsu, iskar ta tafi da zafin.

Amfanin tsage-tsage

Wanda ya duba da kyau zai ga an tsattsaga ganyayen nan. Da gangan aka yi. Idan ƙarfe sumul yake, iskar da ke manne da shi takan yi zafi, ta lulluɓe shi kamar bargo. Iska mai sanyi ta wuce ta tsakiya, ba ta taɓa shi ba. Kowace tsaga tana katse bargon, sabuwar iska ta sami ƙarfe. Haka mai shan kunu yake motsa shi da ludayi don ya huce da wuri.

Amma kowace tsaga tana rage ƙarfin iska, kamar yadda duwatsu suke rage gudun ruwa cikin hanyar ruwan lambu. Tsaga ta yi kaɗan, zafi ba ya fita sosai. Ta yi yawa, iska ba ta wucewa. Saboda haka maƙera suke auna abu biyun tare.

Ƙura, ƙaiƙayi da ƙwari suna toshe ƙofofin iska. In sun toshe, ruwa ya tafasa, inji yana iya lalacewa. Albasa ta kwana a hanya, mai kaya ya yi hasara.

Abin da ya kamata a yi

1. A wanke lagireto da ruwa a hankali, daga wajen inji zuwa gaba.
2. Kada a soka ƙusa ko icce, ganyayen suna lanƙwashewa.
3. Kada a buɗe murfi sai inji ya huce. Tururi yana ƙona fuska da hannu.

Tambayoyi

1. Don me ake tsaga ganyayen lagireto?
2. Me ke faruwa idan ƙura ta toshe su?