Ido, Ƙwaƙwalwa da Tayar Baya: Me Ya Sa Babbar Mota Ke Take Mai Keke a Mararraba?

Gabatarwa

Duk wanda ya san Sabon Birni da Isa ya san matsayin keke a rayuwar jama'ar ƙasar Gobir. Da shi ɗalibi ke zuwa makaranta, da shi manomi ke zuwa fadama. Haka kuma hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni, da wadda ta haɗa Isa da Shinkafi har zuwa Ƙauran Namoda, su ne manyan motoci ke bi ɗauke da hatsi da albasa da dabbobi da siminti. A mararrabar cikin gari, musamman ranar kasuwa, nan ne keke da tirela ke haɗuwa, haɗuwar da ba ta da bambanci da ta ƙwai da dutse.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa haɗarin hanya na kashe mutane kimanin miliyan 1 da dubu 190 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato sa'o'in yawancin masu karanta wannan mujalla. Manufar wannan darasi ita ce fahimtar abu ɗaya: ganin mota da mai keke ya yi ba ya nufin direba ya gan shi.

Iyakar ido

A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, wanda ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. Daidai inda jijiyar ta fita daga ido babu ƙwayoyin da ke karɓar haske, saboda haka kowane ido yana da ɗan gurbin da ba ya gani. Wani masani ɗan Faransa mai suna Edme Mariotte ne ya gano haka a ƙarni na 17.

Mai karatu na iya tabbatar wa kansa. Ka zana gicciye a hagun takarda, ka ɗiga ɗigo a dama, da tazarar santimita 10 a tsakani. Ka rufe idon hagu, ka kafa na dama a kan gicciyen, sa'an nan ka riƙa matso da takardar a hankali. Idan ta kai wajen santimita 30 zuwa 40 daga fuskarka, ɗigon zai ɓace. Abin lura shi ne ba za ka ga rami ba. Farar takarda za ka gani. Ƙwaƙwalwa ce ta cike gurbin da abin da take zato.

Bugu da ƙari, sashen da ido ke gani tar-tar bai fi faɗin farcen babban yatsa ba idan aka miƙe hannu. Sauran duk dishi-dishi ne, motsi kawai gefen ido ya fi kamawa. A nan akwai wani tarko. Idan keke da mota suka nufo mararraba ɗaya daga hanyoyi biyu, da gudun da zai sa su iso tare, to a idon direba keken zai tsaya a kusurwa ɗaya kamar ba ya motsi, sai dai ya riƙa girma kaɗan-kaɗan. Ke nan wanda za a yi karo da shi, shi ne ya fi wuyar gani. Idan aka ƙara da ƙurar hunturu ko hasken rana mai faɗuwa, sai lamarin ya ƙara muni.

Iyakar ƙwaƙwalwa

Ko da hoto ya shiga ido, sai hankali ya kai kansa kafin a ce an gani. A shekarar 1999 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane fim na 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce su ƙirga jifan. Ana cikin haka wani ya ratsa tsakiyar fili sanye da kayan goggon biri. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Haka direban da ke shirin shan kwana yake: hankalinsa na kan motar da ke tahowa, da 'yan kabu-kabu, da ramin titi. Keke ba ya cikin abin da yake nema.

Bayan gani kuma akwai jinkiri. Daga lokacin da abin ba-zata ya bayyana zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, mutum kan ɗauki kimanin sakan ɗaya da rabi. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa za ta ci mita 12 da rabi a wannan ɗan lokaci. Mai gudun kilomita 60 kuwa mita 25. Bayan nan ne birki zai fara aiki, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata yakan ninka sau huɗu. Gajiya da rashin barci suna ƙara tsawon wannan jinkiri.

Ƙirar babbar mota

Tun daga 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma bin hannun dama, direba kuwa yana zaune a hagu. Mai keke yana bin gefen titi na dama, wato ɓangaren da ya fi nisa da idon direba. Saboda tudun kujerarsa, direban tirela ba ya ganin abin da ke dab da gabansa, ko ƙarƙashin ƙofar dama, ko bayan motar. Madubi yana rage wannan duhu, amma ba ya kawar da shi, balle madubin da ya fashe.

Abu na biyu shi ne tayar baya ba ta bin sawun ta gaba. Idan mota ta sha kwana, tayoyin baya sukan yanke ta ciki, kuma gwargwadon tsawon mota, gwargwadon yankewar. Shi ya sa direban tirela mai son juyawa dama yakan fara buɗewa zuwa hagu. Mai keke sai ya ga fili ya samu, ya kutsa. Nan take jikin motar ya rufe filin, ya kayar da shi, tayoyin baya su bi ta kansa, alhali motar ba ta ma gudu.

Tirela mai kaya na iya kai tan 40, wato kilo 40,000. Ɗalibi da kekensa ba su wuce kilo 80 ba. Nauyi ya ninka sau 500 ke nan. Hular kwano tana kare kai idan an faɗi, kuma ya kamata a sa ta, amma ba ta kare ƙirji da ƙugu daga taya. Karayar ƙashin ƙugu kan jawo zubar jini ta ciki. Jinin baligi kimanin lita 5 ne, rasa lita 2 na iya kai shi lahira, ga shi kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya fi kilomita 100 daga waɗannan garuruwa. Lalle a nan rigakafi ya fi magani.

Darasi daga Landan

Wannan matsala ba tamu ce kaɗai ba. A birnin Landan, tsakanin 2015 da 2017, manyan motoci kashi 4 cikin 100 ne kawai na zirga-zirgar birnin, amma suna cikin kashi 63 cikin 100 na haɗurran da suka kashe masu keke. Saboda haka daga watan Maris na 2021 aka tilasta wa duk motar da ta haura tan 12 samun izini, bisa ma'aunin yadda direba ke iya ganin waje kai tsaye ta gilashinsa. Wadda ta gaza sai an sa mata kyamara da ƙarfen kariya a gefe, mai hana mutum faɗawa ƙarƙashinta. Irin wannan ƙarfe bai fi ƙarfin maƙeranmu masu walda ba. Ya dace Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da ƙungiyoyin direbobi su duba wannan.

Aikin aji

1. A jiƙa tayoyin keke, a sha kwana a kan busasshen daɓe. Wace taya ce ta bi ta ciki?
2. A nemi izinin wani direba, a kashe mota, ɗalibi ɗaya ya hau kujerarsa, sauran su kewaye motar. A shata duk wurin da ba ya ganin kowa da toka, a auna.
3. Mita nawa mota mai gudun kilomita 45 a awa za ta ci kafin direba ya taka birki?

Kammalawa

A taƙaice, ɗalibi ya riƙe waɗannan. Kada ka shiga tsakanin babbar mota da gefen titi a kusa da mararraba, ko ta ba da sigina ko ba ta ba da ba. Idan ka tarar da ita tsaye, ka tsaya a bayanta da tazara. Idan ita ta tarar da kai, ka matsa gaba sosai ko ka sauka daga titi. Idan ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba. Shi kuma direba ya rage gudu a cikin gari, ya sa yaron mota ya leƙa dama kafin kowace kwana. Jiran tirela ta wuce ba ya cin minti ɗaya.