Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa OpenMP Ya Karɓi vector Ya Ƙi list?

Tambaya: Malam, ina koyon C++. Na sa #pragma omp parallel for a kan zagayen da ke bin std::vector, ya yi aiki lafiya. Da na gwada a kan std::list sai kwamfaila ta ƙi. Sannan ko a vector ɗin, in na yi push_back a cikin zagayen, shirin yakan mutu jefi-jefi. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, matsaloli biyu ne, kuma ta biyun ta fi haɗari.

Kafin OpenMP ya raba aiki tsakanin zaruruwa (threads), sai ya san sau nawa zagayen zai juya, kuma kowane zare ya iya dira kai tsaye inda rabonsa ya fara. Tun fitowa ta 3.0 a 2008 yake karɓar iterator, amma irin mai tsallake (random access) kawai. A vector abubuwa jere suke a memori kamar gidaje masu lamba a layi guda, lissafi ɗaya zai kai ka na 250,000. A list kuwa kowane abu adireshin na gabansa da na bayansa kaɗai ya sani, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka map da set suke.

Shawarata, ka fara bin list ɗin sau ɗaya, ka tara adireshin abubuwan cikin vector, sannan ka raba zagayen a kansa. C++17 ya zo da std::for_each tare da std::execution::par, wanda ke karɓar list, kuma GCC ya samar da shi tun fitowa ta 9 in an haɗa da laburaren TBB. Sai dai izinin raba aiki ya bayar, bai yi alkawarin sauri ba. In za ka iya barin list gaba ɗaya, ka bar shi.

Yanzu push_back. Idan vector ya cika, yakan nemi sabon wuri mafi girma, ya kwashe kayansa can, ya saki tsohon. To, in wani zare na tsakiyar rubutu a tsohon wurin fa? Ko bai cika ba, zare biyu na iya rubutu a gurbi ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne shirin na iya tafiya ba tare da ya mutu ba, alhali sakamakon ya lalace.

Ka yi resize tun kafin zagayen, kowane juyi ya rubuta a gurbinsa kaɗai. In ba ka san yawan sakamakon ba, kowane zare ya riƙe nasa vector, a haɗa su a ƙarshe. Kulle da mutex ma zai hana ɓarna, amma zaruruwan za su koma bin layi, saurin ya tafi. Kuma ka kiyayi vector<bool>, domin yana cusa ƙimomi da yawa a bayit ɗaya, don haka gurabe daban-daban ma na iya karo. Ka yi amfani da vector<char> a madadinsa.