Darasin Kasuwanci: Kafa Diloli Domin Injin Yankan Itace Wanda Bai Yi Suna Ba

Duk ɗan kasuwar da ya shigo da injin yankan itace mai sarƙa, wanda sunansa baƙo ne a kasuwannin ƙasar nan, tambayar farko da zai sha daga bakin masu saye ita ce: in ya lalace wa zai gyara, kuma a ina za a sami kayan gyaransa? Sai ya amsa wannan tukuna ake shiga zancen farashi. Wanda bai tanadi amsa ba, to kayansa za su daɗe a sito ko da ya karyar da su.

Dalilin haka a fili yake ga wanda ya san yadda sana'ar katako take gudana a dazuzzukan jihohin Ondo, Edo, Kuros Riba da Taraba. Mai riƙe da injin sau da yawa ba shi ne mai shi ba. Wani attajirin katako ne ya saya, ya ba da kuɗin fetur da na abinci, ya ɗauki 'yan dakon da za su fito da katako bakin hanya, ya kuma yi alkawari da mai babbar mota. In inji ya tsaya kwana uku saboda wani ɗan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba, dukan waɗannan mutane suna zaune ana ciyar da su ba aiki. Wannan ne ya sa injin nan na Jamus, Stihl 070, ya riƙe kasuwar tsaga katako a Afirka ta Yamma shekara da shekaru, duk da nauyinsa da shan mansa. Kowane makaniki ya san cikinsa, kuma kayan gyaransa, na asali da kwaikwayon da ake yi a ƙasar Sin, suna nan a kusan kowace kasuwar katako. Saboda haka mai shigo da sabon suna, ko na Japan ne, ko na Italiya, ko na Sin, da wannan kwanciyar hankali ta masu saye zai yi takara.

Akwai abin koyi a tarihin kamfanin Stihl ɗin kansa, domin shi ma ya taɓa zama baƙo a wata kasuwa. Andreas Stihl ya kafa shi a birnin Stuttgart cikin 1926. A 1974 ya buɗe masana'anta a Virginia Beach ta ƙasar Amurka, a lokacin da kasuwar take hannun kamfanonin gida, musamman McCulloch da Homelite. Waɗannan biyu sun bi hanyar manyan kantuna, inda ake jera inji a kan kanta cikin kwali, mai saye ya ɗauka ya biya ya tafi. Ciniki ya yi yawa, amma manyan kantuna su ne suke yanka farashi, kuma kullum ƙasa suke so ya yi. Stihl kuwa ya tsaya a kan ƙananan diloli masu zaman kansu, waɗanda ke haɗa injin, su tayar da shi a gaban mai saye, su nuna masa yadda ake riƙe shi, su kuma gyara in ya dawo. Har ya taɓa buga talla a manyan jaridun Amurka yana bayyana dalilin da ya sa ba a samun kayansa a kantunan Home Depot da Lowe's. McCulloch ya karye a 1999, yanzu sunan yana hannun Husqvarna na ƙasar Suwidin. Homelite kuma ya koma hannun John Deere a 1994, sa'an nan aka sayar da shi ga kamfanin Techtronic na Hong Kong a 2001.

Ba daidai ba ne a ɗora faɗuwar waɗannan kamfanoni a kan manyan kantuna kaɗai, kuma ga Echo na Japan yana sayarwa ta hanyoyin biyu bai karye ba. Amma shi ma Echo sai da ya shekara da shekaru yana gina diloli masu gyara kafin ya shiga babban kanti. Abin lura a nan shi ne jerin matakan: gyara ya riga yawan ciniki.

To, me zai sa dila ya karɓi kayan da ba a sani ba? A nan ne masu shigo da kaya da dama suke yin kuskuren lissafi. Suna duban ribar da dila zai ci a kan inji ɗaya, alhali shi dila yana duban abin da jarinsa zai haifar a shekara. A ɗauka, alal misali, dila ya zuba Naira miliyan 5 a sanannen inji, yana cin ribar kashi 10 cikin ɗari, kuma kayan suna ƙarewa ya sake sarowa sau 6 a shekara. Ribarsa Naira miliyan 3 ke nan. In ya zuba wannan kuɗi a sabon inji wanda ba zai juya ba sai sau 2, ribar kashi 10 ba za ta ba shi fiye da Naira miliyan 1 ba. Kafin ya daidaita da na farko sai an ba shi kashi 30. Idan kuwa aka ɗora kashi 30 a kan farashi, arahar da ake jawo masu saye da ita ta tafi.

Mafita ita ce a rage kuɗin da dila zai daskarar, maimakon a yi ta ƙara masa kaso. Watau a ba shi inji uku ko huɗu kawai, tare da alkawarin cewa duk ranar da ya sayar, cikin kwana biyu ko uku wani zai iso shi ta motar haya. Nauyin ajiye kaya ya koma kan mai shigowa ke nan, kuma can ya dace ya zauna, tunda shi ne yake neman a san sunan. Wannan kuwa yana nufin ba za a fara da faɗin ƙasa ba. Mai sito a Legas gara ya kama hanya guda, kamar ta Ijebu Ode zuwa Ore zuwa Benin da Sapele, ya tsayar da diloli biyar ko shida waɗanda zai iya ziyarta duk wata, da ya warwatsa kwalaye daga Kalaba har Jalingo ya rasa labarinsu.

Bugu da ƙari, ya kamata a nuna wa dila inda ribar wannan sana'a take a zahiri. Inji sau ɗaya ake sayensa, amma sarƙa tana cinyewa, magagarin wasa ta yana dakushewa, dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa yana zaizayewa, ga fulogi, ga matatar iska, ga igiyar tayarwa, ga mai. Mai aikin tsaga katako kullum yana kan hanyar shago. Kowane injin da dila ya sayar ya zama abokin ciniki na shekaru, muddin kayan suna wurinsa.

Dangane da zaɓen dila kuwa, a ganina babban mai shago a Idumota ko Anaca bai kamata ya zama na farko ba, ko da yake shi ne zai fi saurin biyan kwantena. Shi mai sari ne. Zai tura kaya ko'ina, in wani ya kawo masa mai rahusa gobe ya juya, kuma ba shi da lokacin sauraron wanda injinsa ya ƙi tashi. Mutumin da ya fi amfani a farkon tafiya shi ne makanikin da ke bakin kasuwar katako, mai 'yar rumfa da yara biyu masu koyo. Shi masu aikin daji suke tambaya kafin su sayi inji, kuma kalma ɗaya daga bakinsa tana iya kashe suna a gari. Irin wannan mutum ba shi da jari, don haka sai a haɗa shi da mai shagon da ke kusa: wannan ya sayar, wancan ya gyara, a ware wa makanikin ɗan kaso a kan kowane inji. A koya masa cikin injin, a ba shi littafin gyara da kayan aikin da suka keɓanta da shi, a bar masa inji guda na gwaji wanda zai ba masu aiki aro su shiga daji da shi. Talla a rediyo ba ta kai mako guda na aiki a kan icen iroko ba.

Kafin ma a sa hannu da masana'anta akwai abin dubawa. Sarƙoƙi suna da ma'auni sanannu, irin su .325 da 3/8 da .404 na inci, kuma kamfanoni kamar Oregon na Amurka suna yin sarƙar da ta dace da injuna iri iri. Injin da ke karɓar sarƙa da fulogin da ake samu a kasuwa ya rage wa mai shi rabin wahala. Wanda kuwa komai nasa na dabam ne, tilas kwantenar farko ta zo da fistin, zobba, silinda, kafireta, kuloci da famfon mai isassu. Mai shigo da kaya da ya cika kwantena da injuna zalla domin ya ga riba da wuri, nan da wata shida zai ga ana farke sababbi ana cire musu kaya domin gyara tsofaffi.

Sai batun garanti, wanda a nan ne amana tsakanin mai kaya da dila take yawan lalacewa. Waɗannan injuna irin tsofaffin babura ne, ana haɗa musu fetur da mai. Yawancin na zamani suna son kashi 50 na fetur ga kashi 1 na mai, watau mililita 100 a lita 5, da sharaɗin man ya zama mai kyau wanda aka yi domin irin wannan inji. A daji kuwa da ido ake aunawa, wani lokaci da man mota, wani lokaci da fetur ɗin bakin hanya, sa'an nan a zuba baƙin mai a tankin sarƙa. Fistin ya kama, mai inji ya dawo yana cewa kayan banza ne. In dila ya ƙi gyarawa kyauta ya yi asarar abokin ciniki, in ya gyara daga aljihunsa ya daina sayar da kayan. Ya kamata tun farko a rubuta abin da garanti ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba, a koya wa makaniki bambanta lahanin masana'anta da ɓarnar rashin mai, a kuma biya shi ladan aikin garanti ba tare da jan rai ba. Haɗa kowane inji da kwalbar awo da man farko ƙaramin kuɗi ne in an kwatanta da silinda guda. Haka nan a dage wa dila ya nuna wa mai saye birkin sarƙa da haɗarin da ke akwai in bakin ƙarfen ya taɓa ice ya yi tsalle baya, domin raunin wannan inji ba ƙarami ba ne.

Bayar da kaya bisa amana, in an sayar a biya, hanya ce da aka saba da ita a kasuwanninmu, kuma da wuya sabon suna ya shiga ba tare da ita ba. Sai dai tana da haɗari ga mai sayen kaya da dala. A watan Yuni na 2023, da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da 750 a 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 kuma ta haura 1,500. Wanda ya ba da kaya bashi na wata shida a tsohon farashi, kuɗin da ya karɓa bai isa ya maido da rabin kayan ba. Don haka wa'adi ya zama gajere, kwana 30 ko 45, a rubuta lambar kowane inji, a kuma amince cewa kayan da ba a sayar ba farashinsu yana bin sabon lissafi.

Dilan da ya sha wahalar tallata sabon suna yana da haƙƙin a kare masa yankinsa. Babu abin da ke karya masa gwiwa kamar ya ga mai kayan da kansa yana sayar wa abokan cinikinsa kai tsaye a farashin sari. Amma a yi hattara wajen farashi. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta hana mai kaya tilasta wa dila mafi ƙarancin farashin da zai sayar. Ana iya ba da shawarar farashi, ba a iya hukunta wanda ya sauka ƙasa da shi. Har ila yau kada a manta da takardar SONCAP ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, da kuma rajistar sunan kayan a Abuja da izinin masana'anta, domin da zarar suna ya fara karɓuwa masu jabu za su biyo.

Ita kanta kasuwar ba ta da tabbas, tunda gandun daji a hannun gwamnatocin jihohi yake. Kuros Riba ta dakatar da saran itace a 2008. Icen madobiya, wanda ya jawo rububi a Taraba da Kogi, ya shiga jerin yarjejeniyar CITES a 2017, kuma a 2018 aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya. Ghana ta haramta sayar da katakon da aka tsaga da irin wannan inji tun 1998. Dilolin da suka dogara da masu shiga daji kaɗai, sanarwa guda tana iya tsayar da su. Ya kyautu a sa ƙanana da matsakaitan injuna cikin kaya domin manoman koko da na kwakwar manja, da gonakin roba, da 'yan kwangilar hanya, da masu share hanyar wayoyin lantarki. A kuma tuna aikin katako na rani ne, lokacin da mota ke iya shiga daji, saboda haka kaya su isa hannun diloli kafin watan Nuwamba.

Daga ƙarshe akwai ita masana'antar. Dolmar, wanda Emil Lerp ya kafa a Hamburg cikin 1927, yana daga cikin sunayen da suka fi daɗewa a wannan sana'a. Makita na Japan ya saye shi a 1991, sa'an nan a 2022 ya daina ƙera injuna masu amfani da fetur, ya koma ga masu batir. In haka ta faru da suna mai tarihi irin wannan, ƙaramar masana'anta ta fi sauƙin rufewa ko sauya samfuri. Yarjejeniyar wakilci ta ƙunshi shekarun da masana'anta za ta ci gaba da ba da kayan gyara bayan ta daina yin wani samfuri, da wa'adin sanarwa kafin a karɓe wakilci, da kuma wanda zai sayi ragowar kayan da ke hannun diloli in an rabu.