Abubuwa Uku Kafin a Kwanta Barci

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2003, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, suka raba ɗalibai gida uku. Rukunin farko duk mako su rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu, na biyu abubuwan da suka ɓata musu rai, na uku kuwa duk abin da ya faru da su. Bayan mako goma, masu lissafa alheri sun fi sa ran alheri a gaba, kuma kukansu na ciwon jiki ya fi na sauran ƙaranci. A wani bincike da aka wallafa a 2005, Martin Seligman ya gwada wata dabara: mutum ya rubuta abubuwa uku masu daɗi kowane dare har mako guda, tare da dalilin faruwarsu. Wata shida bayan haka, alamun damuwa ba su koma yadda suke da ba.

Wannan dabarar ce mai wannan rubutu, wadda ke aikin jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, take ba masu zuwa da kukan tunani da rashin barci. Abin da ta lura da shi kuwa, godiyar jimla ba ta cika taɓa zuciya ba.

Wata uwar 'ya'ya huɗu ta dawo mata da littafi, kowane shafi abu ɗaya: lafiya, abinci, yara. Sai mai wannan rubutu ta ce mata, "Maman yara, jiya takamaimai, wa ya yi miki me?" Matar ta yi shiru, can ta ce maƙwabciyarta ta ɗebo mata ruwa bokiti biyu ba tare da ta roƙa ba, ƙaramin ɗanta kuma ya ajiye mata rabin ƙosansa. Tana faɗa tana murmushi. Damuwa takan sa zuciya ta yi ta tuƙa da warwara a kan abin da ya lalace. Neman ƙaramin alheri mai suna da lokaci yana karkato da hankali daga wannan zagayen. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya naɗi muryarsa a waya.

Sai dai akwai inda ake cutar da marasa lafiya da sunan godiya, kuma abin yana ci wa mai wannan rubutu tuwo a ƙwarya. Mace ta ce ba ta jin daɗin komai, a rufe mata baki da "ki gode wa Allah, wasu sun fi ki shiga wani hali". Daga nan ta ƙara da jin laifi, ta daina faɗa wa kowa. Nazarin da masana a Jami'ar Jihar Ohio suka yi a kan bincike 27 ya nuna tasirin atisayen godiya a kan ciwon damuwa da fargaba kaɗan ne. Taimako ne, bai maye gurbin likita ba.

Duk wanda ya haura mako biyu cikin ƙunci, barci da cin abinci suka rikice, ko tunanin kashe kansa ya fara zo masa, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, sannan akwai na Dawanau a Kano.